TALAUCINMU: ƘADDARA CE KO AMANA MUKA CI?

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako muna so mu duba wata tambaya wadda ta daɗe tana ci wa jama'a tuwo a ƙwarya, watau me ya sa ƙasashenmu na Afirka, waɗanda Allah Ya hore wa ƙasar noma da koguna da ma'adinai da ɗimbin jama'a, suka zama su ne kurar baya wajen arziki da kyawun mulki? A shekarar 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa 'yan Nijeriya miliyan 133, watau kashi 63 cikin 100, suna cikin talauci ta fuskar abinci da lafiya da ilmi da muhalli, kuma kimanin miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Wannan lissafi bai kamata ya bar wani Musulmi ya yi barci da minshari ba, balle mu da muke riƙe da alƙalamin ofis da ma'aunin kasuwa.

Idan aka yi wannan tambaya a majalisa, amsa biyu aka fi ji. Wasu su ce ƙaddara ce, haka Allah Ya so. Wasu kuma su ce Turawa ne suka cuce mu. To, imani da ƙaddara rukuni ne na imani, babu mai ja da shi, amma malamai sun haɗu a kan cewa ba a kafa hujja da ƙaddara domin a wanke mai laifi. Ɓarawo ba ya tsira a gaban alƙali don ya ce an rubuta masa. Aya ta 11 ta Suratur Ra'adi ma ta rataya sauyin halin al'umma a kan sauyin abin da ke cikin zukatan mutanenta. Maganar Turawa kuwa akwai gaskiya a cikinta, za mu kuma faɗe ta, sai dai ba ita ce ƙarshen zance ba. Abin da muke so mu nuna shi ne, tarihin wannan gari namu na Kaduna kaɗai ya isa ya gwada mana cewa babban abin da ya talauta mu shi ne tozarta amana, kuma hannuwa biyu ne suka fi yin aikin: hannun mai sa hannu a takarda da hannun mai ƙirga riba.

ABIN DA MAGABATA SUKA BARI

A Unguwar Sarki akwai masallacin da aka gina a 1962 aka sa masa sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A nan ne marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya yi shekaru yana tafsiri, Rediyon Kaduna yana kai muryarsa birni da ƙauye, har Allah Ya karɓi ransa a 1992. Manyan ma'aikata da attajirai na cika sahun wannan masallaci kowace Juma'a, amma mutum nawa ne a cikinmu suka san abin da mai sunan ya rubuta game da tattalin arziki?

Muhammadu Bello, wanda ya riƙe sarautar Musulmi daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji wani ɗan littafi mai suna Usulus Siyasa. A cikinsa ya ɗora wa shugaba nauyin kula da masu sana'a, kamar manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani, ya tabbatar kowane gari yana da nasa, ya kuma kula da kasuwanni da hanyoyi da gadoji da tanadin abinci. Ashe a wurinsa raya sana'a wani yanki ne na aikin addini da aka ɗora wa mai mulki. Mahaifinsa kuwa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi ya zayyana halayen sarakunan da ya yi wa tawaye: ɗora wa talakawa kuɗaɗen da shari'a ba ta sa ba, karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara, cin hancin alƙalai, da ƙwace a kasuwa. Duk wanda ya karanta wannan jeri a yau zai ga kamar jiya aka rubuta shi, sunayen kawai aka sauya.

Kada kuma a ce da can ma ba mu iya komai ba. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, ya tarar da birni mai rayuwa da saƙa da rini, ya kuma ba da labarin cewa tufafin Kano suna kaiwa har Timbuktu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Audugarmu ce, zarenmu ne, babanmu ne, karofinmu ne, fatakenmu ne kuma suke ɗauka. Kowace riga ta ciyar da manomi da mai kaɗi da masaƙi da marini da mabugi kafin ta bar gari.

RABON TURAWA A CIKIN LAIFIN

A taron Balin na 1884 zuwa 1885 ƙasashen Turai suka shata ƙa'idojin rabon Afirka ba tare da ɗan Afirka ko ɗaya a zaune ba. Tsarin da suka kafa bayan haka ɗaya ne ko'ina: kowace ƙasa ta fitar da ɗanyen kaya iri ɗaya ko biyu, ta sayo sarrafaffe da tsada. Gana aka ɗaure ta da koko, Zambiya da tagulla, Senegal da gyaɗa. Mu kuma aka ja mana hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, da nufin audugarmu ta tafi masaƙun Ingila, ko da yake manoman Kano sun fi karkata ga gyaɗa. Shi kansa garin Kaduna, wanda aka mai da hedkwatar Arewa a 1917, a kan wannan hanyar dogo aka dasa shi. Hanya ce daga gona zuwa bakin teku, ba a yi ta don Kano ta yi ciniki da Damagaram ko Agadas ba. Illar wannan tsari ita ce, ranar da farashin wannan kaya guda ya faɗi a Landan, ƙasa ɗungurungum sai ta durƙusa, kamar yadda ya sami Zambiya a tsakiyar shekarun 1970. Maƙwabciyarmu Nijar ma tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, an kuma daɗe ana haskaka biranen Faransa da shi, alhali kuwa ta yi shekaru da yawa tana sayen wutar lantarki daga Nijeriya.

Wannan duk gaskiya ne. Amma Turawa sun sauka tun 1960, kuma shugabanninmu na farko sun gane cutar, sun kuma fara magani.

MASAƘUN KAKURI

Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta haɗa jari da wani kamfanin Ingila, David Whitehead, aka kafa masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, ƙetaren kogi, ta fara fitar da akoko a 1957. Cikin shekarun 1960 sai ga Nortex, ga Arewa Textiles da jarin mutanen Japan, ga UNTL da jarin mutanen Hong Kong. Dabarar a fili take: audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi, maimakon ta tafi Ingila ta dawo mana atamfa, sai a gurza ta a nan, a kaɗa ta a nan, a saƙa ta a nan. Dubban mutane daga kowane lungu na ƙasar nan suka sami aiki, Musulmi da Kirista suna aiki a kan inji ɗaya. Albashinsu shi ya riƙe mai gidan haya da mai tuwo da tela da mai shago. An kafa Bankin Arewa, an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, daga baya aka sami kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975 da matatar mai a 1980.

Abin lura a nan shi ne, da kuɗin gyaɗa da auduga da fatu da harajin talakawa aka aza harsashin wannan aiki, kuma ma'aikata ƙalilan ne suka tafiyar da shi. Babbar hanyar da ta ratsa Unguwar Sarki ta nufi Kawo tana ɗauke da sunan ɗaya daga cikinsu, Alhaji Ali Aƙilu, wanda ya shugabanci ma'aikatan gwamnatin Jihar Arewa. Ba mu ce mutanen wancan zamani mala'iku ne ba, suna da nasu kurakurai, kuma hukumomin ciniki na lokacin sun riƙa biyan manomi ƙasa da farashin duniya. Amma dai abin da aka tatsa daga manomi an ga inda ya shiga, ana iya nuna shi da yatsa har gobe.

SHEKARUN ƘOSHI

Suratu Yusuf ta ba mu labarin shekaru bakwai na yalwa da shekaru bakwai na fari, da yadda Annabi Yusufu, aminci ya tabbata a gare shi, ya sa aka adana hatsi a zangarniyarsa, da kuma siffofi biyu da ya gabatar lokacin da ya nemi a ba shi taskokin Masar, watau tsare amana da sanin aiki. Allah Ya jarrabe mu da irin wannan jarrabawa. Daga ƙarshen 1973 farashin gangar mai ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. Kuɗi suka kwararo irin wanda ba a taɓa gani ba, a daidai lokacin da fari ya halaka dabbobi da amfanin gona a Arewa da ƙasashen Sahel.

Me muka yi da shekarun ƙoshi? A 1975 aka biya ƙarin albashin Udoji har da bashin watannin baya, kasuwa ta ɗauka, farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo. A wannan shekara aka yi odar siminti fiye da ƙima, har jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin tashar Ikko, ana biyan su kuɗin jira, simintin yana daskarewa a cikinsu. A shekarar kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa, dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace, ba ta sake dawowa ba. Matasa suka bar gona suka nufo birni. Kwangila ta zama sana'ar da ta fi kowace, kashi goma cikin ɗari ya zama al'ada. Janar Murtala Muhammad ya sallami ma'aikata fiye da 10,000, amma da yake an haɗa mai laifi da marar laifi, darasin da wasu suka ɗauka shi ne kowa ya tara nasa tun kujera ba ta kuɓuce ba.

Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, rumbu wayam. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, lasin shigo da kaya ya zama haja, wanda ba shi da ko shago ya samu ya sayar wa mai masana'anta. A 1986 aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki irin wanda Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni suka shimfiɗa wa ƙasashen Afirka da yawa, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin cinikin auduga da gyaɗa ba tare da an tanadi mai raba wa manomi iri mai kyau ba. Nairar da ta fi dala daraja a 1980, a 2024 sai da aka ba da fiye da 1,500 kafin a sami dala guda. Bashi kuwa ya taru har sai a 2005 aka yafe wa Nijeriya kimanin dala biliyan 18, ta biya biliyan 12.

WA YA KASHE MASAƘUN?

Masaƙar Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta rufe a 2007, ko da yake an yi ƙoƙarin tayar da ita daga baya. Ma'aikata da yawa sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, wasu har suka koma ga Allah ba su karɓa ba. Dalilan mutuwar sanannu ne: wutar lantarki ba ta tsayawa, baƙin mai na tukunyar inji ya yi tsada, injuna sun tsufa ba a sabunta ba, auduga ta ragu ta kuma lalace, sannan atamfar Asiya mai araha ta cika Kantin Kwari da kasuwar Kaduna.

To, a nan ne muke roƙon mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Atamfar nan ba fiffike gare ta ba. A shekarun da aka hana shigo da ita, ta sauka a tashar Kwatano ko Lome, ta bi ta Maraɗi, ta ƙetaro iyaka a cikin manyan motoci. Wani attajiri ne ya yi odarta, wani lokaci ma ya aika da zanen masaƙar gida aka kwaikwaya aka buga mata tambarin ƙarya. Wani jami'i ne ya kau da kai a kan iyaka, wani ya buga hatimi, wani ya karɓi rabonsa a ofis. Kuɗin gyaran tashar wuta da na matatar mai, wadda ta yi shekaru ba ta tace ko lita guda ba, a hannun wasu suka bi. Mafi yawan waɗannan mutane ba baƙi ba ne. Tare muke sahu da su, wasu ma su ne ke gina masallatai, suna zuwa Umra kowace shekara. Kowannensu ya ga abin da ya ci kaɗan ne, amma da ɗan kaɗan ɗin nan aka rufe ƙofar abincin dubban gidaje. Yaran da aka haifa a waɗannan gidaje su ne suka tashi babu makaranta babu sana'a, kuma garin da ya ga tarzomar 2000 da ta 2002 ya san abin da zaman banza ke haifarwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yaron da ya ga babba ya ci haram an yi masa kirari, da me za a hana shi?

GA MA'AIKACI

Ya ɗan'uwa ma'aikaci, Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Manzon Allah ya hau mumbari ya yi tir da wannan, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ba wanda zai kawo masa komai. Wannan ma'auni ya ishe ka. Duk abin da kujera ta jawo maka, wanda ba za a ba ka ba ranar da ka yi ritaya, ba kyauta ba ne, ko an kira shi goro, ko gaisuwa, ko na shan ruwa. Fayil ɗin da ka danne har sai an gan ka, wataƙila fanshon wata gwauruwa ne. Sunan bogi da ka bari a takardar albashi, malamin makaranta ne ka hana wani ƙauye. Mun sani albashi ba ya kai wata, kuma wajibi ne hukuma ta biya ma'aikaci abin da zai riƙe shi, a kan lokaci. Amma zaluncin da aka yi maka bai halatta maka ka zalunci wanda ke ƙasa da kai ba.

GA ƊAN KASUWA

Ya ɗan'uwa ɗan kasuwa, sana'arka sana'ar Annabi ce da Sayyidina Abubakar da Usmanu da Abdurrahman ɗan Aufu. Amma ka tuna mutanen Madyana, waɗanda aka aiko wa Annabi Shu'aibu, tauye mudu na cikin abin da ya halaka su, kuma akwai sura guda, Suratul Muɗaffifina, wadda ta buɗe da narko a kan masu wannan hali. Mudun da aka buga wa gindi, buhun da aka sa mai kyau a sama, hatsin da aka ɓoye ana jiran azumi ya yi tsada, maganin jabu, takin da aka karkatar daga manomi, duk cin dukiyar mutane ne da ɓarna. Haka kuma attajirin da ya tara dukiya ya binne ta a filaye da gidajen da ba kowa ciki, ko ya kai ta Dubai, alhali zai iya kafa injin gurza ko na matsar mai ya ɗauki mutum hamsin, ya sani za a tambaye shi ta ina ya samu, ta ina kuma ya kashe.

MAFITA

Ba mu da ikon sauya farashin mai a kasuwar duniya, amma akwai abin da ke hannunmu. Na farko zakka. Wanda dukiyarsa ta kai nisabi, watau dinari 20 na zinariya, kimanin giram 85, ta kuma shekara, zai fitar da naira 2 da kwabo 50 a cikin kowace naira 100, kuma mai shago zai ƙimanta hajarsa ya haɗa. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na masu cin ta. Raba ta ɗari biyar ɗari biyar a ƙofar gida, mutane na turereniya, ba ya fitar da kowa daga talauci. A ba mutum guda keken ɗinki ko jarin da zai tsaya da ƙafarsa, baɗi shi ma ya fitar. Jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara sun kafa hukumomin zakka da waƙafi, kuma ƙarfinsu yana ga amanar masu riƙe da su da bayyana lissafi a fili.

Na biyu haɗa jari. A 1963 Musulmin Malesiya suka kafa asusun ajiyar maniyyata aikin Hajji, wanda aka sani da Tabung Haji. Talaka yana zuba kaɗan kaɗan, ana juya kuɗin a gonakin kwakwar manja da sauran sana'o'in halal, ya sami riba, ya kuma sauke farali. Mu ma tun 2012 muna da bankin da ba ya mu'amala da ruwa, wanda Kaduna na cikin garuruwa uku da ya fara buɗe reshe. Me zai hana 'yan kasuwar Shaihu Abubakar Gumi su ashirin ko talatin su haɗa hannu su kafa abin da zai sarrafa citta ko masara ko tumatirin jihar nan? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku ilmi, na addini da na sana'a, ga ɗa namiji da 'ya mace, domin Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta bar matan karkara cikin duhu ba. Na huɗu kuwa, mu daina girmama ɓarawo. Malamai su tambayi asalin kuɗin da aka kawo wa masallaci, iyaye su tambayi ɗansu mai ƙaramin albashi inda ya sami babbar mota, masu zaɓe su daina sayar da shekara huɗu a kan taliya da sabulu. Shugabanni daga cikinmu suke fitowa, kuma abin da aka shuka shi ke tsirowa.

Muna roƙon Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya tsare hannuwanmu daga haram, Ya sanya albarka a cikin nomanmu da kasuwancinmu da aikinmu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya kuma sa mu cika da imani, amin.